Illa Ta Zama Magani: Tarihin Gwajin Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a kan Sankara da Cutar Lufus

Nufin wannan 'yar takarda shi ne ba da tarihin wata hanyar magani wadda likitocin Turai da Amurka suka yi shekara fiye da 60 suna gwadawa, watau a ɗebo ƙwayoyin jini masu rai a zuba wa majinyaci, su yi masa yaƙi da cuta. Sauran magungunan da muka saba da su, na sha ko na allura, aikinsu ya kan ƙare da zarar jiki ya fitar da su. Wannan kuwa rayayye ne, yana hayayyafa cikin jiki, ba kuma kullum ya ke tsayawa inda aka ce ya tsaya ba. Wanda ya bi labarin tun daga tushe zai tarar da abu guda yana maimaituwa: abin da likitoci suka rubuta da sunan illa a wani gwaji, shi ne na bayansu suka koma nema ido rufe.

Dole mu fara daidaita kalmomi. Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Fararen su ne dakarun jiki, aikinsu kuwa shi a ke kira garkuwar jiki. Kalmar ta riga ta zauna a bakin ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo, ba mu ce a sake ta ba, amma a lura tana da ɗan giɓi, gama garkuwa tarewa kurum ta ke yi, waɗannan kuwa farmaki su ke kaiwa. Iri biyu za su dame mu a nan. Ƙwayoyin B su ke ƙera wani sinadari mai manne wa baƙon abu, ya yi masa shaida. Ƙwayoyin T su ke bi su kashe da kansu, a wani ɗan kututture da ke bayan ƙashin ƙirji su ke samun horo, wanda Jacques Miller ya gano aikinsa a Landan cikin 1961. Sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji, 'yar gida ce, daga ƙwayoyin jikin mutum ta ke tasowa, don haka dakarun su kan wuce ta ba su tanka ba. Akwai kuma cututtukan da ke kishiyar wannan, inda dakarun ke juyowa su afka wa jikin da su ke tsaro. Waɗannan za mu kira su cututtukan garkuwa mai cin gida.

Daga ɓargo labarin ya faro, domin a nan a ke ƙera jini. Cikin 1956 Barnes da Loutit a Ingila suka haska wa ɓeraye masu sankarar jini haske mai ƙarfi, sa'an nan suka dasa musu ɓargon waɗansu ɓeraye. Suka lura baƙon ɓargo yana taimakawa wajen kashe sankarar, amma kuma ɓerayen da suka samu wannan fa'ida sai su rame, su yi ta zawo har su mutu. Bayan shekara guda E. Donnall Thomas ya ba da labarin mutum 6 da ya zuba wa ɓargo a Amurka, ba ko ɗaya da ɓargon ya zauna masa. Cikin 1958 aka yi haɗari a wata ma'aikatar binciken nukiliya a Yugoslabiya, aka kai mutum 6 Faris, Georges Mathé ya zuba wa 5 daga cikinsu ɓargon Faransawa, 4 suka rayu. Wannan ya ƙarfafa masa guiwa, cikin 1963 ya dasa wa wani mai sankarar jini ɓargon 'yan'uwansa, ɓargon ya kama. Mutumin ya rayu wata 20, ya rasu da wani ciwo dabam, sankarar ba ta komo ba.

To, abin da ya kashe ɓerayen nan shi ya addabi mutane. Dakarun da ke cikin baƙon ɓargo ba su san mai gida ba, sai su ɗauke shi abokin gaba, su afka wa fatarsa da hanta da hanji. Likitoci suka yi ta neman yadda za su kawar da wannan annoba. Sai cikin 1979 jama'ar Thomas a birnin Siyatil suka duba lissafin majinyatansu, suka tarar waɗanda baƙon ɓargo ya wahalar, su ne sankara ta fi wuyar komo wa. Ashe hannun da ke dukan mai gida shi ke dukan sankarar. Da aka gwada tace ƙwayoyin T daga ɓargon kafin a dasa, wahalar ta ragu, sankara kuwa ta riƙa komowa. Cikin 1990 Hans-Jochem Kolb a Munik ta Jamus ya kai zancen ƙarshensa: mutum 3 da sankara ta komo musu bayan dashe, ya zuba musu fararen ƙwayoyin mai ba da ɓargon, cutar ta kwanta. Wannan shi ne karo na farko da illa ta zama magani.

Hanya ta biyu ita ce a yi aiki da dakarun majinyacin kansa, tun da su ba baƙi ba ne. Wanda ya ba da ransa ga wannan shi ne Steven Rosenberg, wanda ya zama shugaban sashen tiyata a Cibiyar Sankara ta Ƙasar Amurka cikin 1974. An gano wani sinadari cikin 1976 mai sa ƙwayoyin T su hayayyafa a kwalba, wanda daga baya aka sa wa suna intalukin-2. Rosenberg ya gwada dabarunsa a kan mutum 66, ba ko ɗaya da ƙarinsa ya ragu. Ta 67, wata hafsar sojan ruwa mai baƙar sankarar fata, ita ce ta warke sarai bayan an yi mata maganin a ƙarshen 1984. Mai karatu ya tsaya ya tuna da 66 ɗin nan, gama mutane ne da suka yarda aka gwada musu abin da bai amfane su ba, littattafai kuwa ta 67 kaɗai su kan ambata. Cikin 1985 ya ba da rahoton mutum 25, ƙarin 11 ya ragu da fiye da rabi, jaridu suka yi ta shela, ko da ya ke maganin ya kan sa jijiyoyi yoyo, jiki ya kumbura da ruwa. Cikin 1988 ya koma ɗebo ƙwayoyin T daga cikin ƙarin kansa, a bisa tunanin cewa waɗanda suka riga suka shiga ciki su suka san abokin gaba. A cikin mutum 20, 11 suka samu sauƙi, amma ga yawancinsu sauƙin bai daɗe ba, don ƙwayoyin ba sa zama. Sai cikin 2002 aka gane a fara share fage da magani mai rage fararen ƙwayoyin majinyaci, sa'an nan a zuba sababbin. Waɗansu da suka samu sauƙi fatarsu ta yi dabbare-dabbare fari, domin dakarun ba su bambanta sankarar da lafiyayyun ƙwayoyi masu ba fata launi ba.

Hanya ta uku ta fi duka ƙarfin hali. Cikin 1989 Zelig Eshhar a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya nuna ana iya sa wa ƙwayar T wani ƙugiya da aka ara daga sinadarin ƙwayoyin B, ta yadda za ta kama duk abin da aka nuna mata. Wannan shi a ke kira CAR-T. Gwaje-gwajen farko ba su yi armashi ba. Cikin 2006 aka ba da labarin mata 14 masu sankarar ƙwan mahaifa, ba wadda ta amfana, ƙwayoyin suka ɓace cikin 'yan makonni. A Rotadam ta Holand kuwa, an auna sankarar ƙoda sai aka sami hanta, saboda tana ɗauke da shaida iri ɗaya. Cikin 2010 aka ba da labarin wata mata mai sankarar hanji wadda ta kasa numfashi minti 15 bayan an zuba mata ƙwayoyin, ta rasu bayan kwana 5. A tsakanin nan Michel Sadelain da Dario Campana, kowa a nasa ɗakin bincike, suka ƙara wa ƙugiyan wani sashe mai zuga ƙwayar ta hayayyafa ta daɗe. Aka kuma dace da abin da za a auna, watau wata shaida mai suna CD19, wadda ke jikin ƙwayoyin B kaɗai, masu lafiya da masu sankara.

Carl June da abokan aikinsa a Jami'ar Pensilbaniya suka gwada wa mutum 3 cikin 2010, cutar 2 ta ɓace ɗungum, har bayan shekara 10 an sami jikokin ƙwayoyin nan cikin jininsu. Cikin watan Afrilu 2012 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 a asibitin yara na Filadalfiya. Zazzaɓi mai tsanani ya rufe ta, jininta ya faɗi, aka sa ta a injin numfashi. Da aka auna jinin sai aka ga wani sinadarin garkuwa, intalukin-6, ya yi mummunan tashi. June ya san wani maganin amosanin gaɓɓai mai toshe shi, saboda 'yarsa tana da wannan ciwo. Aka ba yarinyar, zazzaɓin ya sauka cikin sa'o'i kaɗan, sankarar kuwa ta tafi. Ba kowa ya yi irin wannan dace ba, cikin 2016 mutum 5 suka rasu da kumburin ƙwaƙwalwa a gwajin wani kamfani, aka rufe gwajin. Ran 30 ga Agusta 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, mai suna Kymriah, a kan kuɗi dala 475,000.

Maganin yana da farashi na biyu. Tun da ƙugiyan ba ya tantance ƙwayar B mai lafiya da mai sankara, duka ya ke sharewa, har sai an riƙa yi wa majinyaci ƙarin sinadarin garkuwa na waɗansu mutane. Likitocin sankara suka karɓi wannan a kan asarar da ba makawa. Amma akwai cutar da ƙwayoyin B su ne tushenta, watau lufus, inda su ke ƙera sinadari mai yi wa jikin mai su shaida, a afka wa ƙoda da gaɓɓai da fata da zuciya. Mata masu shekarun haihuwa ta fi kamawa, a Amurka da Ingila kuma an tabbatar ta fi yawa da tsanani ga 'yan asalin Afirka. An riga an gwada maganin allura mai rage ƙwayoyin B, manyan gwaje-gwaje biyu ba su cika buri ba, ana zaton don ba ya kaiwa ga waɗanda suka ɓuya cikin kaluluwa da tsoka. Ƙwayar T kuwa da ƙafarta ta ke shiga.

Cikin 2021 Georg Schett da Andreas Mackensen a Erlangen ta Jamus suka yi wa wata budurwa 'yar shekara 20, wadda lufus ta ci ƙodarta, magunguna duka sun gaza. Cutar ta kwanta. Cikin 2022 suka ba da labarin mutum 5, duka sun daina shan magani. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, bayan kamar kwana 110 ƙwayoyin B suka komo daga ɓargo, sababbi fil, cutar kuwa ba ta biyo su ba a tsawon lokacin da aka bi majinyatan. Rahoton 2024 ya ƙunshi mutum 15, 8 masu lufus, 3 masu kumburin tsoka, 4 masu ciwon ƙandarewar fata.

A ganinmu bai kamata a yi gaggawar kiran wannan waraka ba tukuna. Mutum 15 ba su da yawa, ba a kuma kwatanta su da waɗansu da aka yi wa magani dabam ba. An share musu fage da magunguna masu danne garkuwa, sai an bambance aikin waɗannan da na ƙwayoyin. Har wa yau awon haɗari ya sake, domin mai sankarar da ya rage masa wata 3 zai iya karɓar abin da bai kamata a ɗora wa budurwa mai shekara 50 a gabanta ba, balle cikin Janairu 2024 hukumar Amurka ta sa a rubuta gargaɗi cewa ƙwayoyin T su kansu, ko da ya ke ba safai ba, suna iya rikiɗa su zama sankara. Ga kuma zancen kuɗi, tun da kowane majinyaci nasa a ke ƙera masa dabam, aikin makonni. Indiya ta amince da nata na gida cikin Oktoba 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Amurka. Maganin Rosenberg na ƙwayoyin cikin ƙari kuwa sai cikin Fabrairu 2024 ya sami izini, shekara 36 bayan rahoton mutum 20 ɗin nan.