Inda Hannun Mai Ɗori Ba Ya Kaiwa

Da la'asar sakaliya, duk filin da ya rage ba a gina ba a Dutsen Kura ta Minna yakan koma filin ƙwallo. Duwatsu biyu sun isa raga, ƙasa kuwa tauri gare ta kamar daɓe. In aka yi karo yaro ya kasa tashi, kafin kowa ya ambaci asibiti za a ji wani dattijo ya ce a ɗauko shi a kai wa mai ɗori. Haka ake yi a Dutsen Kura Hausa, haka ake yi a Dutsen Kura Gwari, domin Hausawa da Gbagyi da Nufawa kowa na da nasa gwanin ƙashi.

Sana'ar ta girmi Minna nesa ba kusa ba. Gado ce, ɗa yana koya a gaban uba, yana riƙe ƙafar majinyaci tun bai san sunan ƙashin da ke cikinta ba, kuma a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa har sarautar Sarkin Ɗori akwai. Waɗanda ake kawo wa maɗoran dā su ne wanda doki ya kayar, da wanda ya faɗo daga kan ɗorawa ko giginya, da ɗan kokawar da aka maka da ƙasa bayan kaka, da ɗan damben da ya kai naushi ya sami gwiwar hannu. Mai ɗori ya laluba da yatsu ya rarrabe karaya da targaɗe da gocewa, ya sa ƙarti su danne, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ko tsagin gora ya ɗaure da tsumma. Sai man shanu ko man kaɗanya, sai tofi. Wasu har kaza suke karya wa ƙafa su ɗora tare da ta mutum, a ce ranar da ta taka shi ma zai taka. Ladan aikin a da ba ciniki ba ne: kaza ce, ko damin dawa, ko abin da ya sawwaƙa bayan an warke.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, da na Legas da ya zo ya haɗe da shi, su suka mai da Minna mahaɗa, suka tara leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka ba Minna hedikwata, unguwannin gefe irin su Dutsen Kura suka cika, titi ya ratsa, motoci da babura suka yawaita. Ƙashin da doki ke karyawa gida biyu, mota na farfasa shi gida biyar. Kayan aikin mai ɗori kuwa suna nan yadda kakansa ya bar su.

A ɗaya gefen, asibiti ya shigo da abu biyu da maɗori ba shi da su: hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, da allurar kashe zafi da sa barci. An buɗe asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a shekarun 1940, na Dala a Kano kuma a 1959, har sunan Dala ya zama kalma mai zaman kanta a bakin mutanen Arewa. In an ce an wuce da wane Dala, an san abin ya girma.

Duk da haka jama'a ba su bar gidan mai ɗori ba, kuma ba wauta ce ta hana su ba. Yana kusa, yana jin yarenka, ba ya cewa sai an biya kafin ya taɓa ka. Gaskiyar da likitoci ma ba sa musu ita ce ƙashi da kansa yake haɗewa in an daidaita shi an hana shi motsi, don haka karayar hannun yaro wadda ba ta huda fata ba takan warke a hannun gwani. Tsoron asibiti kuma yana da tushe, sai dai labarin a juye ake ba da shi. Ɗaurin mai ɗori ya yi tsanani, jini ya daina zagayawa, yatsu su yi baƙi, a kai asibiti bayan kwana goma, likita ya ga babu abin yi sai yankewa. Gari ya ɗauka cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, na gaba ya ƙi zuwa da wuri.

Akwai gaɓar da wannan sana'a ba ta taɓa iya mallaka ba, ita ce ta kwatangwalo. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo, kewaye da nama mafi kauri a jikin mutum. Yatsa ba ya isa can, kara ba ya ɗaure can. Sai an yi bugu mai tsanani yake fita, yawanci in gwiwa ta daki wani abu alhali cinya na lanƙwashe, kamar fasinjan gaba a hatsarin mota a hanyar Suleja ko ta Bida. Ƙafar takan gajarce ta karkata ciki. Babban haɗarin ba a ganinsa da ido: jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini sirara ne, gocewar na shaƙe su ko ta tsinka su, shi ya sa likitocin ƙashi ke son a mayar da shi gurbinsa cikin awa shida.

Misalin da duniya ta gani a talabijin ya faru ne a Amurka, ranar 16 ga Nuwamba, 2019. Tua Tagovailoa, ɗan shekara 21 daga Hawai, shi ne mai jefa ƙwallo kuma jagoran 'yan wasan Jami'ar Alabama a ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana bangaza. Suna cin Jami'ar Mississippi State 35 da 7, dab da hutun rabin lokaci, 'yan baya biyu suka danne shi gwiwarsa a ƙasa. Ƙashin cinyarsa na dama ya fita ta baya, ya ɓalle bangon gurbin. Likitocin ƙungiyar suka mayar da shi tun a filin wasan, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi Birmingham, bayan kwana biyu aka yi masa aiki a Houston aka gyara gurbin. Watanni biyar bayan nan ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi a matsayi na biyar cikin sababbin 'yan wasa, kafin shekara ta zagayo ya koma fili.

Abin da ya sa hankalin Amurkawa ya tashi a ranar shi ne sun tuna da Bo Jackson. A Janairun 1991 ya ji rauni a wannan gaɓa yana buga wa ƙungiyar Raiders ƙwallon Amurkawa, jini ya yanke wa kan ƙashin, ƙashin ya mutu a hankali. A 1992 aka sa masa gaɓar ƙarfe, irin aikin da likitan Ingila John Charnley ya inganta a farkon shekarun 1960. Jackson ya koma wasan sanda na besbol, amma ƙwallon da ta yi masa suna bai sake buga ta ba.

Mutuwar kan ƙashin nan ba baƙuwa ba ce a gidajen Minna, ko da ba a san sunanta ba. Ita ce ke sa matasa masu ciwon sikila ɗingishi ba tare da sun faɗi ba, a yi ta shafa mai ana cewa sanyin ƙashi ne ko sammu. Wanda ƙashinsa ya goce kuma aka ja da ƙarfin tsiya ba allura, nama na turjewa, yana iya miƙewa ya yi tafiya, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ciwon ya dawo, lokacin kowa ya manta da faɗuwar.

Garin Minna, wanda ƙungiyar Niger Tornadoes ta kawo wa kofin ƙalubale na ƙasa a 2000, bayan ta doke Rangers ta Enugu, ba ya rasa yaron da ke mafarkin filin wasa na Bako Kontagora. Yaron ba shi da jirgi mai saukar ungulu, kuma daga Minna zuwa Dala a mota awa shidan nan sun ƙare tun ana hanya. Sai dai matakin farko ba ya bukatar Kano: hoto ne, da allurar barci, da likitan da ya iya mayarwa, aikin babban asibitin cikin gari, tafiyar mintoci daga Dutsen Kura. Gyaran gurbin da ya fashe yana iya jiran kwanaki. Awoyin da ba sa jira, galibi a zaure suke tafiya, ana jiran baba ya dawo daga kasuwa, kawu na cewa gidan mai ɗori, inna na cewa asibiti, yaron na kwance kan tabarma ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.