Wa Ke Da Titi? Tarihin Rigimar Masu Keke a Ingila

Ranar Kirsimeti a Ingila, dangi kan taru a gida ɗaya, a ci gasasshen talotalo, a jira jawabin sarki da ƙarfe uku na rana. Idan akwai mai zuwa wurin aiki a kan keke a cikinsu, da wuya a tashi daga teburin wani kawu ko suruki bai ja shi da magana ba. Ƙorafin sananne ne: masu keke ba sa biyan harajin titi, ba sa tsayawa a danja, an yi musu hanyarsu sun ƙi bi, ya kamata a liƙa musu lamba kamar mota. Mai faɗar haka yakan ɗauka daga abin da ya gani da idonsa ya tsinto maganar, alhali gadonta ya yi. Wasu daga cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafe sun girmi mota kanta.

A shekarun 1870 aka fara ganin keke da yawa a titunan ƙasar. Ba irin na yau ba ne. Tayar gaba takan kai mita ɗaya da rabi, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya, mahayin yana can sama, birki kuma sai a hankali. Tsada gare shi, don haka samarin birni masu abin hannu ne ke hawa, su fita ƙauye ranar Lahadi suna firgita dawaki da kaji. Mutanen karkara suka tsane su. Yara su jefe su, manya su cusa sanda a cikin taya, direbobin keken doki su tsula musu bulala. A 1876, a kan hanyar garin St Albans, yaron wani keken dokin haya ya wurga dunƙulen ƙarfe ɗaure da igiya cikin tayar wani mahayi don ya kayar da shi. Magana ta kai kotu, aka ci tara.

Bayan shekara biyu, a 1878, mahaya suka kafa ƙungiyarsu a garin Harrogate. Ita ce ta zama Cyclists' Touring Club, wadda a yau ake kira Cycling UK. Babbar nasararsu ta farko kuwa daga shari'ar da ɗan uwansu ya faɗi ta fito. A 1879 wani mai suna Taylor ya gangaro da gudu daga tudun Muswell Hill a Landan, ya banke mai tafiya a ƙasa. Aka gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar tituna ta 1835, wadda ta haramta tuƙin ganganci. Hujjarsa ita ce keke ba ya cikin ababen hawan da dokar ta ambata, tunda lokacin da aka rubuta ta babu keke. Alƙalai suka ce a'a, keke abin hawa ne, hukuncinsa ɗaya da keken doki. Taylor ya sha kaye, amma daga ranar mai keke ya zama ɗan gida a kan titi, da haƙƙinsa da kuma nauyin da ke wuyansa. Dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta tabbatar da haka, ta ƙara da cewa sai ya kunna fitila da dare, ya kuma sanar da zuwansa da ƙararrawa ko wani abu mai ƙara.

A wannan tsakanin ne keke ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. John Kemp Starley na Coventry ya fitar da Rover a 1885, mai tayoyi kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya kawo tayar iska. Hawa ya yi sauƙi, mata suka shiga, tsangwama ta sake salo. A 1897, ranar da jami'ar Kambirij ke ƙuri'a kan ko za a ba mata digiri, ɗalibai maza suka rataye mutum-mutumin mace a kan keke daga tagar wani bene. A 1898 wata mai masauki a ƙauyen Ockham ta hana Lady Harberton zama a ɗakin shan kofi don ta zo da wandon hawan keke. Ƙungiyar mahaya ta kai ƙara, a 1899 aka wanke mai masaukin.

Maganar cewa don mota aka yi titi ita ce tarihi ya fi ƙaryatawa. Tun da jirgin ƙasa ya kwashe fasinja da kaya a shekarun 1840, manyan hanyoyin Ingila suka zama marayu, ramuka da rani, taɓo da damina. Masu keke ne suka fara dawowa kansu, su ne kuma suka fara kuka. A 1886 manyan ƙungiyoyinsu biyu suka kafa wata ƙungiya ta musamman don gyaran hanyoyi, suna buga ƙasidu kan yadda ake shimfiɗa tsakuwa, suna matsa wa hukumomin gundumomi lamba. A lokacin doka ta ƙayyade wa duk wani abin hawa mai inji gudun da bai wuce mil huɗu a awa ba, kuma sai 1896 aka sassauta. Haka abin ya kasance a Amurka, inda ƙungiyar mahaya da aka kafa a 1880 ta ja ragamar neman hanyoyi masu kyau. Da gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar tituna a 1910, wanda aka ba sakatarenta shi ne William Rees Jeffreys, mutumin da ya fara wannan gwagwarmaya a cikin masu keke kafin ya koma wajen mota.

Harajin titi fa? An taɓa yin sa. A 1920 aka kafa asusu na musamman wanda kuɗin lasin mota ke shiga, da alkawarin a kan tituna kaɗai za a kashe su, kuma daga 1921 kowace mota ta riƙa ɗauke da 'yar takarda zagayayya a gilashin gaba. Winston Churchill, da ya zama ministan kuɗi, bai ga dalilin wannan gata ba. Tsoronsa shi ne idan direbobi suka saba da cewa kuɗinsu ne ke gina titi, wata rana za su ce titin nasu ne. A 1926 ya fara ɗibar kuɗin asusun yana kai wa baitulmali, zuwa 1937 kuma aka raba harajin da tituna baki ɗaya. Tun daga lokacin, abin da mai mota ke biya haraji ne kamar na taba ko na giya, yana shiga tukunya ɗaya da sauran. Tituna kuwa daga harajin kowa ake gyara su, har da na wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. An daina liƙa takardar gilashin a 2014, amma tsohon sunan yana nan a bakin mutane, abin da Churchill ya hango kuwa ya tabbata.

A shekarun 1930 keke ya sauka daga hannun 'ya'yan masu kuɗi ya zama abin hawan ma'aikata. Idan aka busa tashi a masana'antun Coventry ko Nottingham, kekuna ne ke cika titi maƙil. Motocin gida ba su wuce kimanin miliyan biyu ba a 1939, masu keke sun ninka su sau da dama. Amma jini ya yi yawa: a 1934 kaɗai mutum 7,343 suka mutu a haɗuran titi. Ministan sufuri Leslie Hore-Belisha ya ƙaddamar da iyakar gudu ta mil 30 a cikin gari da jarrabawar tuƙi, ya kuma buɗe hanyar keke ta farko a gefen Western Avenue a Landan. Ƙungiyar mahaya ta ƙi ta. A ganinta dabara ce ta kore su daga titin da kotu ta ba su tun 1879, a tura su wata siririyar hanya mai gargada wadda ke yankewa a kowace mahaɗa. Har yau doka ba ta tilasta wa mai keke bin irin wannan hanya ba, kuma dalilin da masu ƙin bi ke bayarwa bai canza ba sosai.

Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta yi arha. Aka buɗe babbar hanyar M1 a 1959, aka sake fasalin garuruwa don mota, zuwa shekarun 1970 keke ya koma kayan wasan yara ko alamar rashin abin hannu. Kamfanin Raleigh na Nottingham ya ƙara dogara ga kasuwannin waje, har da Afirka ta Yamma, inda Rali ya zama abin tinƙaho na malamin makaranta da ɗan kasuwa, har aka kai ga haɗa shi a Kano. Yawancin kawunnan da ke jagorantar gardamar Kirsimeti a wancan zamani na mota suka tashi.

Batun lamba da lasin kuwa an gwada shi a wurare da yawa. Holan ta sa harajin keke a 1924, kowane mahayi ya ɗaura ƙaramin farantin ƙarfe a kekensa. Marasa aiki ana ba su kyauta, amma nasu da huji a tsakiya, don haka kowa ya san halin da kake ciki tun daga nesa. Ɓarayi suka mayar da satar farantin sana'a. Jamusawa 'yan mamaya ne suka soke shi a 1941, kuma ba a dawo da shi ba. Suwizalan ta daina nata tambarin keken daga 2012. A Najeriya ma dattawa na tuna lasin keke na zamanin En'e, kuma har yanzu tsarin mulkin 1999 ya lissafa shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ko da yake da wuya a ga mai karɓarsa.

Ƙorafin da ke da ƙashi shi ne na karya doka, kuma mahayan da suka iya zaman dangi ba sa musun sa. Akwai masu tsallake danja, akwai masu hawa hanyar masu tafiya a ƙasa. A 2016 wani saurayi a kan keken da ba shi da birkin gaba ya kashe wata mata a gabashin Landan, aka ɗaure shi wata 18 a ƙarƙashin dokar 1861 da aka rubuta don direbobin keken doki. Mai hikima yakan amsa wannan kai tsaye, sannan ya aza sikeli: masu tafiya a ƙasa kimanin 400 ke mutuwa a titunan Birtaniya duk shekara, waɗanda keke ke yin ajalinsu kuwa yawanci ba sa cika yatsun hannu. Yakan kuma tuna wa mai ƙorafin cewa akasarin manyan da ke hawa keke suna da lasin tuƙi, da yawansu da motarsu a ƙofar gida. Wasu kuma tambaya kawai suke yi, a wace mahaɗa abin ya faru, da ƙarfe nawa. Sau da yawa daga nan hira kan sauka daga kan "masu keke" gaba ɗaya ta koma kan wata kwana guda mara kyau, wadda direba da mahayi duk suke jin tsoronta.

A watan Janairun 2022 aka sabunta kundin ƙa'idojin titi na Birtaniya. Aka jera masu amfani da hanya hawa-hawa, wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyi: direban babbar mota ya kula da na ƙarama, na ƙarama ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa. Aka ce direba ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce keke, mahayi kuma yana iya riƙe tsakiyar layi a ƙananan tituna da bakin mahaɗa. Jaridu suka yi makonni suna caccakar juna a kai. A watan Agusta na shekarar, ministan sufuri Grant Shapps ya sake jefo maganar liƙa wa kekuna lamba, kafin a je ko'ina kuma ya ja da baya, yana cewa ɗawainiyar rajistar ba ta burge shi ba.