Lasisin da Ke Mutuwa a Disamba

A ranar 31 ga Disamba ta kowace shekara, lasisin duk wani masanin haɗa magunguna a Nijeriya yakan mutu, ko yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko a babban asibitin Tambuwal, ko na Kebbe. Digirinsa na nan yadda yake. Abin da ke faɗuwa shi ne izinin ba da magani, kuma sabunta shi na buƙatar kuɗi da shaidar cewa mutum bai daina karatu ba.

Wannan tunani baƙo ne a ƙasar Sakkwato. Tambuwal gari ne da tarihinsa ke ɗaure da Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma ɗan'uwansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta littattafai a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A tsarin ilimin da suka gada, ɗalibi yakan sauke littafi a gaban malami, a ba shi ijaza, ijazar kuwa ba ta da ranar mutuwa. Wanzami da maɗori da ungozoma su ma haka: gado ne, kuma idon jama'a ne mai tantancewa. Wanda hannunsa ya lalace, sai a daina zuwa ƙofarsa.

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da rajista. A 1927 aka yi dokar guba da haɗa magunguna, wadda ta kafa hukumar da ke rubuta sunan wanda ya cancanta. A 1930 aka buɗe makarantar haɗa magunguna a Zariya don horar da ma'aikatan Arewa, waɗanda mutane suka sani da malaman disfensare. Da yake ba za su wadaci ƙasa ba, dokar 1936 ta buɗe wata ƙaramar ƙofa: lasisin sayar da magungunan da suka zo a cikin kwalinsu, ga wanda bai yi dogon karatu ba. Daga wannan ƙofa masu kemis suka fito. An ɗauke ta a matsayin maganin gaggawa, ga shi ta kusa shekara 90.

Duk tsawon wannan zamani, wanda ya ci jarrabawa ya ci har abada. Sai magani ya fara yi wa masu shi nisa. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Bayan shekara biyu, Doka ta 91 ta 1992 ta kafa hukumar kula da masu haɗa magunguna, wato PCN, a 1993 kuma aka kafa NAFDAC. An raba aiki: wannan ta duba maganin, waccan ta duba mai ba da shi. A 1997, wani taron Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Bankuba na Kanada ya sanya neman ilimi har ƙarshen rayuwa cikin siffofi bakwai na masanin magani. Shekara guda bayan haka, a 1998, PCN ta fara shirinta na ƙarin ilimi na dole, wanda yau ake kira MCPD. Ana halartar darussa, a tara maki, makin kuma ya zama sharaɗin sabunta lasisi. Ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Wasu jihohin Amurka sun fara tun shekarun 1960.

Mai ganin wannan wahalarwa ce kawai, ya dubi zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya kammala karatu a 1995 ya fito da yaƙinin cewa kulorokwin ne maganinsa, kuma a lokacin gaskiya aka koya masa. A 2005 Nijeriya ta sauya manufa, domin ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin, aka koma ga haɗin magunguna mai ɗauke da atimisinin, wanda ake samu daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Wanda aka fi sani, Coartem, ana shan sa sau shida a kwana uku, yawan ƙwayoyin ya danganta da nauyin majiyyaci, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a littafin wancan ɗalibi. A 2012 aka ƙara da shawarar bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, abin da yanzu ake yi gida-gida a Jihar Sakkwato. A Mayun 2018 kuma, bayan binciken BBC, gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Abin da jiya yake kan kanta, yau ya zama laifi.

Sai dai dokar ta fi kama wanda ya fi ƙarancin buƙatarta. Masanan haɗa magunguna sun taru a birane. Uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, ba masani take fara gani ba, mai kemis ɗin bakin kasuwa ne, shi ne zai ce mata rabin ƙwaya ko guda, kuma sau da yawa gwargwadon kuɗin hannunta yake yanke sashen. An tanadar wa masu kemis horon shiga sana'a da na sabuntawa, amma wannan sai ga wanda ya yi rajista. Mai tallan magani a faranti ranar kasuwa ba shi da lasisin da zai mutu.

Shi ma masanin da ke zaune a karkara, ƙarin ilimin ya fi yi masa tsada. A farkon shirin, darasi na nufin tafiya birni da barin ɗakin magani na kwanaki, a asibitin da wataƙila shi kaɗai ne mai wannan shaida. Mayar da darussa kan intanet ya rage wannan nauyi sosai, ko da yake a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, an ga iyakarsa.

A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1992. Haruffan PCN ba su sauya ba, amma sunan ya tashi daga hukumar masu haɗa magunguna zuwa hukumar harkar magunguna baki ɗaya, aka kuma fayyace ikonta a kan mataimakan masana, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa ke yayewa, da kuma masu kemis. Ofishin hukumar na jiha yana birnin Sakkwato, kusan kilomita 100 daga Tambuwal, Kebbe kuwa tana gaba da nan.