Garkar bawa da gonar ayaba: tarihin cimaka a tsibirin Martinik

Malamai da ɗalibai sun san tsibirin Martinik ta hanyar rubuce-rubucen Aimé Césaire. Tsibiri ne da ke cikin tekun Karayib, faɗinsa murabba'in kilomita 1128, yana samun ruwan sama isasshe, ƙasarsa kuma mai albarka ce. Duk da haka, kimanin kashi 80 cikin 100 na cimakar mazaunansa jirgin ruwa ne ke kawo ta, mafi yawa daga Faransa, mai nisan wajen kilomita 7000. Mai son fahimtar wannan al'amari sai ya koma ga tarihi, ya tambayi wanda ya mallaki gonaki da abin da aka tsara za a shuka a cikinsu.

Faransawa sun kafa mulkinsu a tsibirin a shekara ta 1635. Ba a jima ba suka mai da filayensa masu kyau gonakin rake, suka riƙa kawo bayi daga Afirka domin aikin sukari. A shekara ta 1685, sarki Louis na 14 ya fitar da dokar bauta da ake kira Code noir. Dokar ta wajabta wa ubangiji ya bai wa kowane bawa garin rogo da naman shanu ko kifi mai gishiri a kowane mako, ta kuma hana shi sauke wannan nauyi ta hanyar bai wa bawa yini guda ya nemi abin kansa. Naman da kifin daga ƙetare ake sayo su, don haka masu gonaki da yawa suka ƙi bin dokar: suka bar wa bayi ranar Asabar da ɗan fili a gefen tudu. A nan aka samo garkar da ake kira jardin créole, inda rogo da doya da gwaza da dankali da wake da itatuwan marmari ke girma a haɗe cikin ƙaramin wuri. Wannan garka ita ce ta riƙe talakan tsibirin ƙarni bayan ƙarni, alhali hukuma ba ta lissafa ta cikin arzikin ƙasa ba.

An soke bauta a watan Mayu na shekara ta 1848, amma manyan gonaki sun tsaya a hannun jikokin Turawan farko, waɗanda ake kira beke. Ƴantattun bayi suka hau tuddai da garakensu, filayen kwari kuma suka ci gaba da noman abin fitarwa waje.

Gwaji mafi tsanani ya zo a lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga shekara ta 1940 zuwa ta 1943, Amiral Georges Robert ya riƙe tsibirin da sunan gwamnatin Vichy, Ingila da Amurka kuma suka tare hanyoyin teku. Alkama da mai da gishiri da sabulu suka yanke. Jama'a suka koma ga garin rogo a madadin burodi, suka riƙa dafa ruwan teku don samun gishiri, suna tatsar mai daga kwakwa. An sha wuya ƙwarai, amma an gane cewa kayan aro ba ya rufe katara. A tsibirin Gwadalup, gwamna Constant Sorin ya tilasta noman cimaka a wannan lokaci.

Darasin bai daɗe ba. Dokar ranar 19 ga Maris 1946, wadda Césaire ya gabatar a majalisar dokokin Faransa, ta mai da Martinik jaha ta Faransa. Albashi da tallafin jama'a suka ƙaru, manyan kantuna suka buɗe, abincin gwangwani da daskararren nama suka shiga gidaje. Masana'antun sukari suka riƙa rufewa har saura guda, ta Galion. Ayaba ta gaji rake, musamman bayan da Janar de Gaulle, a shekara ta 1962, ya keɓe wa Martinik da Gwadalup kashi biyu cikin uku na kasuwar ayaba ta Faransa.

Ayabar ta zo da nata bala'i. Daga shekara ta 1972 zuwa ta 1993 an yi amfani da maganin ƙwari mai suna kulordekon a gonakinta, alhali Amurka ta hana shi tun shekarun 1970. Gubar ta zauna cikin ƙasa da ruwa, kuma bincike ya gano ta a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen tsibiran biyu. Amfanin da ya fi ɗaukar ta shi ne mai saiwa, wato doya da dankali da gwaza, ainihin abincin garkar talaka. Shi ya sa aka kafa shirin Jafa, mai auna ƙasar garakan iyali, yana nuna wa mutane abin da za su iya shukawa ba tare da haɗari ba.

Tun shekara ta 1989 Turai ke tallafa wa noman yankunan Faransa na ƙetare ta shirin da ake kira POSEI, sai dai kusan rabin kuɗin Turai na shirin ga ayaba yake tafiya. Tsadar rayuwa ta haddasa yajin aikin gama-gari a tsibiran biyu a shekara ta 2009, ta sake tayar da tarzoma a Martinik a shekara ta 2024, bayan ƙididdigar hukumar INSEE ta shekara ta 2022 ta nuna cewa farashin cimaka a can ya fi na Faransa da kashi 40 cikin 100. A shekara ta 2019, shugaba Emmanuel Macron ya sa wa yankunan ƙetare burin ciyar da kansu kafin shekara ta 2030.

Tarihin ya nuna abin da wannan buri ke bukata: fili mai tsabta ga ƙaramin manomi, rabon tallafi da zai kai ga mai noman doya kamar yadda yake kaiwa ga mai ayaba, da kasuwa tabbatacciya, irin ta gidajen cin abinci na makarantu da asibitoci. Muddin kuɗin gwamnati na bin abin da ake lodawa a jirgi, tukunyar Martinik za ta ci gaba da jiran abin da jirgi zai sauke.