Alƙalawa da Wuraren Tsafin Gobir: Tarihin Inna, Giya da Ziyarar Kufai

Alƙalawa kufai ne a bakin Gulbin Rima, kusa da Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato. Nan ne babban birnin Gobir tun daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa 1808. Kusan duk abin da aka rubuta a kan birnin labarin yaƙi ne: wane ya hau, wane ya faɗi, wace runduna ta zo ta wace ƙofa. Abin da Gobirawan wancan zamani suka dogara da shi a ɓoye da sarari, wato wuraren tsafinsu, da giyar da ake zubawa a can, da labaran da ke bayyana dalilin yin haka, a warwatse yake cikin littattafan malaman jihadi da na Turawa da bakin tsofaffi. Abubuwan nan uku tafiyarsu ɗaya ce a da. Jihadi da iyakar Turawa da dokar zamani ne suka raba su.

Asali

Labarin Bayajida ya sa Gobir cikin Hausa Bakwai, ya ba ta sarautar yaƙi. Gidan sarautar Gobir kuwa nasu labarin daban ne. Suna cewa daga gabas suka fito, suna ambaton kakansu Bana Turmi, wanda aka ce ya raba mayaƙansa biyu a yaƙin Badar. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo maganar da ke danganta su da Ƙibɗawan Masar. Inda ruwayoyi suka haɗu shi ne zamansu a Azbin, da gangarowarsu kudu zuwa Birnin Lalle, sannan kwarin Rima. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, ya kafa Alƙalawa a filin da aka ce gonakin Alƙalin Zamfara ne.

Inna da wuraren tsafi

Sarkin Gobir musulmi ne, yana da limamai da alƙalai, yana fita Idi. Amma ƙasar tana tsaye ne a kan wata yarjejeniya tsakanin gidan sarauta da iskoki, mai riƙe da ita kuwa mace ce, Inna. Daga cikin 'ya'yan sarauta ake naɗa ta. Ita ce uwar 'yan bori na ƙasar duka, tana da fada da dogarai, tana karɓar haraji daga wasu masu sana'a, tana shari'a tsakanin mata masu zaman kansu, kuma idan sarki ya fita yaƙi ana barin gari a hannunta. Wadda sunanta ya fi shahara ita ce Inna 'Yar Bukuma ta zamanin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. A Maraɗi, wurin Katsinawa, Iya ake kiran mai irin wannan muƙami.

Iskar da gidan sarautar Gobir ke ji da ita ita ce Takurabau, wadda ake kuma ce wa Inna Baƙa. A ƙasa da wannan tsafi na fada akwai na Anna, wato masu bin addinin gargajiya, manoma da maharba da masunta da maƙera, kowane gida da iskar da ya gada. Wurin tsafi ba gini ba ne. Tsamiya ce, ko kuka, ko dutse, ko wani gurbi a gulbi, ko jigo da aka kafa a tsakar gida. Kowace iska da launin dabbarta: Baƙar Doguwa baƙa take so, Farar Doguwa fara, Kure kuwa ja. Mai gida zai tsuguna gindin jigo, ya kira sunan iskar, ya yanka dabbar jini ya zuba a kan itacen, ya faɗi buƙatarsa a fili: ruwa, ko haihuwa, ko lafiyar mai ciwo. Naman kuma a ci shi tare.

Babban taron shekara shi ne buɗin daji, wanda ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Shugabannin Anna su fita daji su kwana, su duba abin da shekara za ta zo da shi, su dawo su gaya wa sarki, sannan a ba maharba izinin farauta.

Giya

Giyar Anna ta dawa ce ko ta gero, kuma aikin mata ce. Ana jiƙa hatsi ya kwana, a tsame a shimfiɗa a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har ya yi tsiro. A shanya tsiron, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba ɗan abin da ya rage na tsohuwar giya don sabuwar ta tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda. Ba ta jure ajiya, kwana biyu ta lalace. Wannan ne ya sa ba a dafa ta sai da dalili kuma sai da jama'a: gayya, biki, zaman makoki, ko yanka. Kafin kowa ya kai ƙwarya baki, sai an zuba wa ƙasa rabonta.

Haɗa abin sha na hatsi da wurin bauta ba Gobir kaɗai ta san shi ba. A Japan ana miƙa giyar shinkafa da ake kira sake a wuraren bautar Shinto, masu dafa ta kuma suna da wurin da suke girmamawa musamman, Matsuo Taisha a Kyoto. Can al'adar ta samu gine-gine da rubutu, har ta zama abin da ake kai baƙi su gani. A Gobir tukunya ce da itace da ƙwaƙwalwar tsoho, shi ya sa saurin ɓacewarta ya fi.

Jihadi

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso ne a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, kuma waɗannan al'adu na cikin abin da ya yi wa'azi a kai. A Nurul Albab ya ambaci masu girmama itatuwa da duwatsu, suna yi musu yanka ko suna zuba musu ƙullu, ya ce wanda ya haɗa wannan da sallah ya cakuɗa addininsa. Wannan suka kuma shaida ce a rubuce kan yadda ake yin abin.

Shehu ya haɗu da Bawa Jan Gwarzo a filin Idi na Magami wajen 1788, ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi kira, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni. A nan majiyoyi suka saɓa. Jerin sarakunan da aka buga a zamanin Turawa ya kai mulkin Bawa har 1795, ya sa Yakuba zuwa 1801, Nafata zuwa 1803. Masu bin rubutun jama'ar Shehu sun ce Bawa ya rasu wajen 1790, jim kaɗan bayan haɗuwar Magami. Lissafi na biyu ya fi ƙarfi, domin waɗanda suka rubuta shi sun ga zamanin da idonsu, kuma shi ne ke ba Nafata isassun shekarun da dokokinsa na hana rawani da lulluɓi za su yi tasirin da aka san sun yi.

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni. Alƙalawa ta tsaya wa hare-hare har zuwa Oktoban 1808, lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta shige ta, aka kashe Sarki Yunfa.

Muƙamin Inna bai mutu da birnin ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu (1793–1864), da ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, ciki har da Gobirawan da yaƙi ya kawo, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji ta ɗora musu malfa, irin hular da aka san Inna da ita. Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihin Nana a 1989, ta nuna cewa da gangan aka yi haka: matan sun riga sun san mai malfa jagora ce, sai aka sauya abin da take jagoranta a kai.

Gobir ta rabu uku

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Can Inna da Taran Gobir, wato manyan fadawan sarki tara, da shugabannin Anna suka ci gaba da aikinsu. Daga baya rikicin gida ya sa wani ɗan sarauta, Ɗan Halima, ya ɓalle ya gina Sabon Birni dab da kufan kakanninsa. Shekarar da ake ba wa wannan tana yawo tsakanin 1850 da 1870 da 'yan kai, amma ruwayar da ta ɗaure shi da zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku (1859–1866), wanda ya ba shi goyon baya, ita ce ta fi zama daidai. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato a bakin Bunsuru, a hannun zuriyar Bello, masu sarautar Sarkin Gobir na Isa. Garuruwa uku ke nan, kowanne da Sarkin Gobir, kowanne da irin labarin da yake bayarwa game da 1808.

Baƙi masu rubutu

Adolf Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya bi ta sansanin Isa a 1853 kafin ya ratsa dajin Gundumi. Da Ingila da Faransa suka zo shata iyaka, tawagar Tilho ta 1906 zuwa 1909 ta zo da tafinta Landeroin, wanda ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakunan Gobir. Iyakar ta bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da Alƙalawa a hannun Ingila. A ɓangaren Ingila, Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa mujalladi uku daga 1911 zuwa 1913, da yawan abin da ke ciki daga malaman Sakkwato ya fito.

Bincike mafi zurfi kan tsafi da giya da bori na kwarin Maraɗi shi ne na Guy Nicolas, wanda littafinsa ya fito a 1975, da na Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972. Duka biyun da Faransanci suke, kuma a Nijar aka yi su. A Najeriya, Abdullahi Rafi Augi ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984 kan Gobir a kwarin Rima, ya tsaya a 1808.

Ziyara

Kafin rashin tsaro, mai zuwa Alƙalawa yakan fara da gaisuwa a fada, a haɗa shi da wanda ya san wurin. Ba allo, ba rubutu. Jagoran ne zai nuna tudun da ya rage na ganuwa, ya nuna makwantan sarakuna, ya kai baƙo Tafkin Kanu, inda ake cewa nan ake jefa kawunan waɗanda aka zartar wa hukunci. Gutsattsarin tukwane suna fitowa a gonakin da suka mamaye cikin birnin. Ɗalibai da masu bincike da Gobirawan Nijar masu zuwa ganin tushe su ne yawancin baƙin. Daga nan wasu kan zarce Isa, fadar da Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso. A waƙoƙin fada da kirari, da zanen fuska shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, da wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarabawa, tsohon labarin yake raye.

Daga 2000 zuwa yau

Dokokin shari'a da Zamfara da Sakkwato suka kafa a 2000 sun haramta dafa giya da sayar da ita. A Nuwamban wannan shekara, tarzoma a Maraɗi ta faɗa wa mashaya da gidajen bori. Daga 2019 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Ziyarar kufai ta zama kasada.

Gobirawan yau musulmi ne, kuma rubuta abin da kakanni suka yi ba komawa gare shi ba ne. Shehu da Bello da kansu sun rubuta shi. Waɗanda suka san wace tsamiya ce ta wace iska, da wane kabari ne na wane sarki, tsofaffi ne, da yawansu suna zaman gudun hijira. Ɗaukar maganarsu da Hausa, tare da fassara aikin Nicolas da Landeroin don Gobirawa su karanta da kansu, aiki ne da jami'o'in Sakkwato da Maraɗi za su iya farawa tun kafin hanya ta buɗe.