Daga Ƙwaryar Burkutu Zuwa Tabarau na Kwamfuta

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya kai Gazawa, zai ga masallatai da makarantun allo da gonakin gero da na aya, amma da wuya idonsa ya faɗa kan alamar giya. Sai ya ɗauka haka ƙasar take tun fil azal. Ba haka ba ne. Ni jikan mai dafa burkutu ne. Kakata ta wajen uwa, mutuniyar wani ƙauye a yammacin Tsibiri, ta yi wannan sana'a tun tana budurwa har zuwa lokacin da mijinta ya kama salla, ita ma ta bi shi. A gidanmu ba a son tada zancen, amma ita ba ta ɓoye mana ba, kuma daga bakinta na fara fahimtar cewa giya tana da tarihi a wannan ƙasa, tarihin da ya shafi yaranmu na yau.

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina suka rasa birninsu, suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Waɗannan sarakuna Musulmi ne, amma mutanen da suka tarar a bakin gulbi, waɗanda ake kira Anna, suna kan addinin kakanninsu. Tun da ana fama da yaƙi da Sakkwato, sarki yana bukatar kibiyar Anna da hatsinsu, don haka babu wanda ya taɓa tsafinsu ko tukunyar giyarsu. A fada ma akwai Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, masu riƙe da sha'anin bori. Wannan ne ya sa al'adun da suka ja baya a ƙasashen da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato suka daɗe a nan, har wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya same su da ransu ya rubuta su a littafinsa na 1975.

Dafa burkutu aiki ne na mata, kuma aiki ne mai cin rai. Kakata ta ce ana jiƙa dawa, a tsame, a baza a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. Sai a shanya, a niƙa, a dama, a ɗora a manyan tukwane. A sauke, a bari ta yi tsami, a sake mayarwa wuta, a tace, sannan a zuba ɗan ragowar tsohuwar giya don sabuwar ta tashi. Kusan mako guda ke nan ana ɗebo ruwa ana saro itace. Idan ta nuna kuma ba ta ajiyuwa. Kwana ɗaya ko biyu ta lalace. A cikin wannan wahala akwai linzamin da mutanen ba su ma san sun saka ba. Ba a dafawa sai da dawa a rumbu, wato galibi bayan kaka. Ba a dafawa a ɓoye, domin hayaƙi da wari za su shaida wa gari duka. Ba a kuma dafa wa mutum ɗaya.

Saboda haka giya tana da ranakunta. Akwai ta gayya, in an tara mutane noma. Akwai ta aure da ta mutuwa, da ta buɗin daji, da wadda ake yi in manomi ya sami dami dubu ya yi bikin da zai ba shi sunan Sarkin Noma. Kafin kowa ya kurɓa sai an zuba wa ƙasa da iskokin gida nasu. Dattawa ke fara sha, ƙwarya ta zagaya, yaro ya jira a miƙa masa ko a hana shi. Wannan ba ya nufin ba a ɓarna. Kakata ta ba mu labarin magidantan da suka shanye rumbunsu tun kafin bazara, da matan da suka sha duka a daren biki, kuma ba da dariya take ba da labarin ba. Sai dai mashayin wancan zamani a gaban dangi yake sha. Kowa ya san ƙwarya nawa ya ɗaga, kuma akwai baffan da zai iya karɓe ta daga hannunsa.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe wutar murhun nan. Da Faransawa suka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20, yaƙi da Sakkwato ya ƙare, hanyoyi suka buɗe, fatake da malamai suka shiga ƙauyuka. Noman gyaɗa ya kawo kuɗi, kuɗi suka fito da alhazan Maraɗi, ya zamana wanda ke son a amince masa da bashi ko a ba shi mata sai ya yi salla. Kalmar Anne ta koma zagi. Ƴan mishan na SIM da suka sauka a Tsibiri a 1927 su ma sun haramta wa mabiyansu giya, don haka Ba'annen da ya bar tsafi, ko masallaci ya nufa ko coci, ya bar ƙwarya a baya. Daga baya fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka zo, dawa ta yi tsadar da babu mai zuba ta a tukunyar giya yara na kwana da yunwa.

A daidai lokacin da ƙwarya ke ɓacewa, kwalba tana shigowa. Turawa sun yi yarjejeniya a Burusal a 1890, suka sabunta ta a 1919, don taƙaita sayar wa ƴan Afirka barasa mai ƙarfi, amma kwamanda da sojojinsa suna shan tasu, ma'aikatan da suka yi lakwal suka koya daga gare su. Bayan samun ƴancin kai aka kafa kamfanin Braniger a Yamai, giyar kwalba mai hoton raƙumin dawa ta zama abin shan ma'aikaci da direban babbar mota. Sai wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙetaro iyaka ya yi ƙarfi a Maraɗi. A shekarar 2000 Zamfara da Katsina suka fara aiki da shari'a, masu gidajen giya da mata masu zaman kansu suka kwararo garuruwan bakin iyaka ta wajenmu. A watan Nuwamba na shekarar, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa gidajen giya da na mata, aka kai hari coci da gidan Iya. Tun daga nan shan giya a fili ya zama abin tsoro.

Ni Musulmi ne, ban kuma yi kewar tukunyar kakata ba. Abin da ke damuna shi ne mun kori giya daga fili mun ɗauka mun kore ta daga gari. Ta dawo cikin ƴar leda da ƙaramar kwalbar roba, mai ƙarfin da ya ninka na burkutu sau da yawa, wadda ke shiga aljihu, ba ta bukatar kaka, ba ta lalacewa. Ta zo da ƴan rakiya: Tramol, maganin tari, sholisho. Saurayin da ya je cin rani Kano ko Legas ko wurin haƙar zinariya yakan dawo da su, ya sha shi kaɗai a bayan shago ko cikin kango. Babu baffan da zai karɓe, domin babu wanda ya gani, sai ranar da abu ya faskara.

In ya faskara, me muke da shi? A da akan kai mutum wurin ƴan bori a ce iska ce. Yanzu ana ba shi rubutu, a yi masa ruƙiya, in bai ji ba a kai shi gidan mari a ƙetaren iyaka. Duniya ta ga abin da ke cikin wasu irin waɗannan gidaje a 2019, lokacin da ƴan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura. Akwai wani haɗari ma da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda jikinsa ya saba da barasa sosai, in aka yanke masa ita farat ɗaya babu likita, yana iya kama karkarwa da gane-gane da farfaɗiya, har ya mutu. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne ke fita.

Ɗan kawuna ya yi watanni a irin wannan gida. Ya dawo ya yi ƙiba, yana salla a sahun gaba, uwarsa ta yi sadakar godiya. Ranar kasuwa ta farko aka aike shi sayen taki. Hanyar ta bi ta gaban rumfar da ya saba zama, abokansa suna nan, waƙar da suke sakawa tana tashi. Da dare aka ɗauko shi a amalanke. Da ya farfaɗo ya ce wa uwarsa, yana kuka, wallahi bai fita da niyya ba, ƙafafunsa ne suka kai shi. Mutanen gida suka ce ƙarya yake yi. Ni na gaskata shi, kuma binciken likitoci yana bayansa.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa ƙishin giya yana manne da wuri da lokaci da fuskoki da wari. Domin auna wannan ne suka koma ga wani tabarau da ake ɗaura wa mutum a fuska, kwamfuta ta nuna masa wata duniya ta kwaikwayo, duk inda ya juya kai ya ga kamar yana ciki. A 1995 Barbara Rothbaum da abokan aikinta a Amurka suka gwada shi kan masu tsoron tsayi. A 2008 Patrick Bordnick da nasa abokan aikin suka wallafa bincike kan mashaya: an gina musu gidan giya da wurin biki a cikin kwamfuta, har da sakin warin abin sha, sai aka ga ƙishinsu ya tashi fiye da yadda yake a wurin da babu alamar giya. A Koriya ta Kudu, a asibitin jami'ar Chung-Ang da ke birnin Seoul, an yi wa mutum 12 zama 10 cikin mako 5, ana nuna musu wurin hutawa, sannan gidan cin abinci da ake shan giya, sannan mutane suna amai saboda maye. An wallafa sakamakon a 2015. Manufar ita ce mai jinya ya fuskanci rumfarsa likita na gefensa, ya ji ƙishin ya taso, ya koyi jira har ya kwanta, ya saba da cewa a'a in an miƙo masa. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, masu yin su ma suna cewa da sauran aiki. Matsalar kuwa babba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

Ba na roƙon a kawo wannan tabarau Agye ko Gazawa, inda asibitin karkara ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ilimin da ke bayansa nake so ya iso, kuma shi ba ya bukatar lantarki. Kulle mutum nesa da gari ba ya koya masa yadda zai wuce ta gaban rumfa. Wanda zai koya masa shi ne wan da zai raka shi kasuwa makonnin farko, da maigidan da zai ba shi aiki a lokacin da ya saba sha, da malamin asibitin da zai tambaye shi abin da yake sha ba tare da ya kunyata shi ba, ya kuma san lokacin da ya kamata a tura shi babban asibitin Maraɗi. Malamanmu sun fi kowa sanin cewa haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. Daki-daki ya zo, a surorin Baƙara da Nisa'i sannan Ma'ida, ga mutanen da suka fi mu imani. Kakanninmu Anna suna sha, amma idon dangi na kan mashayi. Mu mun bar sha a fili, alhamdu lillahi, sai dai mun ɗauke idon tare da ƙwaryar. Wannan idon ne ya kamata kowane gida ya maido kan ɗansa, tun abin yana cikin aljihu, kafin a kai ga neman sarƙa.