Shekarar 2012 a Tarihin Bankin HSBC: Kyauta, Riba da Tsarkin Dukiya

An kafa bankin HSBC a Hong Kong a shekarar 1865 domin hidima ga cinikin da ke tsakanin Turai, Indiya da ƙasar Sin, a zamanin da fataucin ofiyom yake cikin manyan hajojin wannan hanya. Mai son ya fahimci abin da bankin ke kira nauyin al'umma da ke wuyansa, sai ya dubi abubuwa uku da suka auku a 2012.

A tsakiyar shekarar, bankin ya ƙaddamar da shirin ruwa na dala miliyan 100 na tsawon shekara biyar, tare da ƙungiyoyin WaterAid, WWF da Earthwatch. Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da aikin ruwan sha da tsaftar muhalli ya shafa. Wannan alheri ne da ba a musun sa, domin wanda ya samu ruwa mai tsabta ya amfana ko da kuwa bai taɓa jin sunan bankin ba.

A watan Oktoba kuma sai bankin ya taƙaita sashensa na mu'amalar Musulunci, HSBC Amanah, wanda ya buɗe tun 1998. Ya daina hidimar a Ingila, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain, Bangladash, Singafo da Moris, ya mayar da hankali kan Maleshiya da Saudiyya. Dalilin lissafin riba ne, kuma Musulmin da ya ajiye kuɗinsa a can don gudun riba ta haramun dole ya nemi wata mafita.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. A watan Disamba bankin ya amince ya biya hukumomin Amurka kimanin dala biliyan 1.9, bayan ya yarda cewa sakacinsa ya ba dillalan miyagun ƙwayoyi na Meziko da Kolombiya damar wanke aƙalla dala miliyan 881. Tarar ta ninka kuɗin shirin ruwa sau goma sha tara.

A nan ne malaman fiƙihu suke da abin faɗa. Sun daɗe da rarrabe sadaka, wadda ake fitarwa daga halal don neman lada, da rabuwa da dukiyar haramun, wadda ake zubawa a maslahar jama'a ba tare da mai ita ya ɗauke ta abin yabo ba. Hukumar AAOIFI, wadda aka yi wa rajista a Bahrain a 1991, ta ɗora ƙa'idojinta na tsarkake kuɗin shiga a kan wannan bambanci. A ganinmu, rahotannin bankuna sun fi bayyana inda kyauta ta tafi, alhali tambayar da fiƙihu ke farawa da ita ita ce inda dukiyar ta fito.

Yarjejeniyar da bankin ya ƙulla da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa shi ƙarƙashin mai sa ido na tsawon shekara biyar, kuma wa'adinta ya cika a Disamban 2017.